Ƙarfen da Ba Ya Mantuwa

Maƙerin kasuwar Talata Mafara yana kama jan ƙarfe da awartaki. Masu binciken ƙwayoyin halitta ma suna da nasu awartakin, sai dai wani bai kai faɗin milimita ɗaya ba, abin da yake ɗauka kuwa sai da madubin likita ake ganinsa: ƙwayar jiki, ko ɗan ɓurɓushin tsoka da za a auna. Akan yi shi da nitinol, wato gamin nikel da titaniyom, wanda William Buehler da abokan aikinsa suka gano a Amurka a farkon shekarun 1960. In yana da sanyi, lanƙwasa shi yadda ka ga dama. Da ya ji ɗumi, sai ya koma siffarsa ta dā. Da wannan komawa yake damƙar abin da aka nufa.

Mai karatu zai ce, ashe har ƙarfe ya shaida hali zanen dutse ne. To, a dakata. Siffar da yake komawa ba da ita aka haƙo shi ba, koya masa aka yi. An ɗaure shi a kanta, aka gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 500. In aka sāke ɗaure shi a wata siffar aka mayar da shi wuta, sabuwar zai riƙe. Lanƙwasar sanyi ce kawai ba ta zama.

Abin da ya sa muka damu da wannan shi ne, mu mutanen Mafara da Bakura da Maradun tambayar tana ƙofar gidanmu. A 2019 gwamnatin Zamfara ta yi sulhu da 'yan bindiga. Wasu sun miƙa makamai, ba a jima ba aka sāke jin harbi. Muka ce, ai dama hali ne. Amma wa ya tambayi wutar da ta gasa yaron da ya tashi a daji ba makaranta, ba garke? Ba wanke shi muke yi ba, domin mutum yana da zaɓi, ƙarfe ba shi da shi, kuma waɗanda aka kashe wa iyaye suna nan cikinmu. Muna dai tambaya ne: zaman yini ɗaya da musafaha, wuta ce ko lanƙwasar sanyi?

Mu marubuta ma ba mu fita ba. Mugun cikin littattafanmu yakan yi zalunci shafi ɗari, sa'an nan ya tuba a layi uku na ƙarshe, a ɗaura aure, a watse.