Amana Kafin Allura

Ya ku 'yan'uwa Musulmi na Ƙwanni, Malbaza da Illela:

Ran 29 ga Maris 2021 hukumar Nijar ta buɗe allurar rigakafin korona da maganin Sinopharm na ƙasar Sin, na AstraZeneca ya biyo baya cikin Afrilu. Magani ya iso, amma da yawa daga cikinmu suka noƙe. Shin wanda ya noƙe yana da uzuri?

Haƙiƙa tsoron yana da asali. A 1995, lokacin annobar sanƙarau, an yi wa dubban mutane allurar jabu a ƙasar nan. A 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, cikin yara 200 da gwajin ya shafa 11 suka rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai dai gudun ma ya yi ɓarna. Da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, ta nakasa yaran da ba su ji ba, ba su gani ba. Cuta ba ta tsayawa a iyakar Ƙwanni ta nuna takarda.

Mu dubi Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi. Da ya ji annoba ta sauka a Sham, bai juya da tawagarsa ba sai da ya shawarci Sahabbai, ya kuma bayyana wa mai jayayya hujjarsa. A nan kuwa, rufe masallatai a Maris 2020 ya haifar da tarzoma a wasu garuruwa, domin umarni ya riga bayani isowa.

Saboda haka amanar biyu ce. Wajibi ne hukuma ta faɗi asalin magani, amfaninsa da illarsa, ta nemi malamai da sarakuna tun kafin annoba ta zo. Wajibi ne mu kuma mu bincika labari kafin yaɗa shi, mu tambayi likita abin da ya shige mana duhu. Tsoro uzuri ne ga wanda bai sami mai yi masa bayani ba. Wanda ya samu ya ƙi tambaya, ya hana ɗansa kariya, ya tanadi amsar da zai bayar ranar hisabi.

Allah Ya kare mu daga annoba, amin.