Ƙwarewar Aro Ba Ta Rufe Katara

Wata muguwar ɗabi'a ta shigo wuraren aikinmu, daga banki zuwa ma'aikatun gwamnati, har ɗakunan labarai ba ta ƙyale ba. Oga zai miƙa wa sabon ma'aikaci rahoto ya rubuta, kafin shayin oga ya huce aiki ya dawo fes, ko waƙafi bai kauce ba. A tambayi yaron inda ya samo adadin da ke shafi na uku, sai ya hau sosa ƙeya. ChatGPT ne ya rubuta, nasa sa hannu ne kawai. Hatta kwas ɗin ƙaro ilimi da ake tura ma'aikata su yi ta intanet, tambayoyin ake kwafewa a liƙa wa na'ura, a kwaso amsa, a karɓi satifiket a rataye a bango. Sunan wannan ha'inci, ko da kowa a ofis yana yi.

Mai ganin wasa ne ya dubi abin da ya faru a Poland. A watan Agustan 2025 wata mujallar likitanci ta gidan Lancet ta wallafa binciken da aka yi a cibiyoyi huɗu kan likitocin da ke leƙa hanji da kyamara, suna neman tsiron da kan rikiɗe ya zama ciwon daji. Kafin a kawo musu manhajar ƙirƙirarriyar basira mai nuna musu tsiron, suna gano shi a kusan kashi 28 cikin ɗari na gwaje-gwajensu. Cikin watanni uku da fara aiki da ita, duk gwajin da suka yi da idonsu kaɗai, adadin ya sauko zuwa kusan kashi 22. Waɗannan fa tsofaffin hannu ne, kowannensu ya yi gwajin fiye da sau dubu biyu. In ido mai irin wannan gogewa ya dushe cikin 'yan watanni, ina ga idon da bai taɓa buɗewa ba? A 2023 ma wani alƙali a New York ya ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar wa kotu shari'o'i shida da ChatGPT ya ƙaga, ba su taɓa faruwa ba.

Amma ni laifin manya ya fi tsaya mini a rai. Kowa ya san yaron tela da ɗinkin maɓalli da guga yake farawa, yaron bakanike kuwa da miƙa sifana da wankin fulogi. A ofis ma haka ne: taƙaita fayil, rubuta bayanin taro, bin lissafi layi-layi har a kamo inda naira ɗari ta ɓace. Aikin gajiya ne, amma a cikinsa hannu ke faɗawa. Yau shi ne aikin da aka fara miƙa wa na'ura, aka bar ɗan bautar ƙasa da ɗalibin SIWES da aka turo koyon aiki suna sayo wa oga abinci da tsaron injin hoto. Tun 1971 aka kafa asusun ITF domin horar da ma'aikata, kamfanoni na zuba masa kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biya a shekara. To me ake horarwa, in wanda aka kawo koyo ba ya taɓa aikin?

Ku shugabanni, ku daina yaba saurin da ba ku san tushensa ba. Duk rahoton da sabon ma'aikaci ya kawo, a zaunar da shi, a rufe kwamfuta, ya bayyana shi da bakinsa. A bar shi ya yi na farko da hannunsa, ya yi kuskure, babba ya gyara masa da jan biro, sannan ya tambayi na'ura ya kwatanta. Wanda kuma aka kama ya sa ta zana masa jarrabawar kwas, a karɓe satifiket ɗin, ya sake zama a gaban mutum.