Wuƙar Hamburg: Wa Ke da Bakin Cewa Ƙaddara Ce?

A gasar tanis ta mata 'yan ɗai-ɗai, idan za a sauya gefen fili akan ba 'yan wasa daƙiƙa 90 su huta. Kowace ta je ta zauna a kujerarta kusa da alƙalin wasa, ta ba 'yan kallo baya, ta share gumi, ta kurɓi ruwa. A irin wannan hutu ne, ranar Juma'a 30 ga Afrilun 1993, a birnin Hamburg na Jamus, wani mutum ya gangaro daga cikin 'yan kallo, ya miƙo hannu ta saman shinge, ya daɓa wa Monica Seles wuƙa a gadon baya, tsakanin kafaɗu. Ta riga ta ci turmin farko 6-4, tana gaba 4-3 a na biyu, ita da Magdalena Maleeva ta Bulgeriya. Ta ƙwalla ƙara, ta miƙe, ta yi 'yan taku tana laluben bayanta, sannan ta sulale. Shekarunta 19.

Wanda bai ga wasanta ba zai yi wuya ya gane abin da aka katse. Yarinya ce daga Novi Sad ta tsohuwar Yugoslabiya, mai riƙe raket da hannu biyu ko ta dama ko ta hagu ƙwallo ta zo, kowane bugu da nishinsa mai ƙarfi har abokan karawa suna kai ƙara. Ta ci gasar Faransa a 1990 tana da shekara 16. Daga Janairun 1991 zuwa Janairun 1993 ta shiga manyan gasa takwas, ta ci bakwai. Wadda ta ture daga matsayin lamba ɗaya a duniya ita ce Steffi Graf, 'yar Jamus.

Mai wuƙar, Günter Parche, masoyin Graf ne da son ya zame masa ciwo. Ya gaya wa hukuma cewa ba kisa ya yi niyya ba, so yake ya nakasa Seles don gwanarsa ta koma sama. Ta kuwa koma. Cikin makonni kaɗan Graf ta karɓe lamba ɗaya, ta ci manyan gasa huɗu a jere. Seles ta yi fiye da shekara biyu ba ta dawo fili ba. Manyan gasa goma suka wuce ta, Graf ta ɗauki shida daga ciki. Graf ta yi ritaya da manyan kofuna 22, 11 kafin wuƙar, 11 bayanta. Seles kuwa takwas take da su ranar da aka soke ta, ɗaya tak ta ƙara, na Ostireliya a 1996.

Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mun taso ana gaya mana cewa mugu ba ya cin riba, ramin mugunta a gina shi gajere. Ga mugu nan ya gina rami, wadda ya gina don ita ta faɗa, shi kuma ya tsallake. Abin da ya roƙa da wuƙa ya samu daidai yadda ya tsara.

Na taɓa kawo zancen gaban wani kawuna mai karantar da tauhidi a zaure. Tanis bai dame shi ba, amma ya saurara har ƙarshe. Na ce, "Kawu, to ashe kenan rabon Graf ne ya rantse, Allah ya ga dama ya bi da shi ta hannun mahaukaci?" Ya ce, "Kai yaro, bi a hankali. Ka haɗa abu biyu ka ɗaure da igiya ɗaya. Akwai abin da Allah ya bari ya auku, akwai abin da ya yarda da shi. Kisan Habila ya auku. Ka taɓa jin an ce Allah ya yarda da shi?"

Malaman aƙida sun daɗe da raba waɗannan biyu. Babu abin da ke faruwa a mulkin Allah ba da saninsa da nufinsa ba, amma aukuwar abu ba shaidar halaccinsa ba ce. Jabariyya sun ce bawa ba shi da zaɓi sam, Ƙadariyya suka ce shi ke halittar aikinsa, Ash'arawa suka tsaya a tsakani da maganar kasabi: Allah ke halitta, bawa ke ɗaukar nauyin abin da ya nufa ya aikata. Daga nan aka fitar da wata ƙa'ida da nake ganin ta fi dogayen muhawarorin amfani, wato ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Kalma ɗaya ce, amma hukuncinta ya danganta da bakin da ta fito.

A bakin Seles, gaskiya ce kuma magani. Ita da kanta ta ba da labari cewa a daidai lokacin da wuƙar ta sauko ta ɗan sunkuya za ta sha ruwa, likitoci suka ce wannan sunkuyon ne ya hana ta taɓa lakar baya. Zurfin raunin bai kai santimita biyu ba. Babu kocin da ya koya mata ta sunkuya a wannan daƙiƙar. Idan ta dubi wannan ta ce haka aka rubuta, babu mai ja.

Amma dubi sauran bakunan. Masu shirya gasar Hamburg ba su dakatar da ita ba, aka ci gaba har wasan ƙarshe, inda Arantxa Sánchez Vicario ta doke Graf. Ba a daɗe ba manyan 'yan wasa suka zauna a Rum a kan tambaya ɗaya: a ajiye wa Seles matsayinta har ta warke, ko a bari ya zube? Suka ce a bari ya zube. Gabriela Sabatini ta Ajantina ce kaɗai ta ƙi jefa ƙuri'a. Ina gane hujjarsu, don matsayi kuɗi ne, shi ke yanke wa za ki haɗu da ita a zagayen farko da nawa kamfanoni za su biya ki. Kuma 'yan wasa suna karyewa, suna jinya, matsayinsu na zubewa, babu mai tausaya musu. Wasa ya gaji haka. Sai dai targaɗe daban, wuƙa daban. Wanda ya lissafa sukar da aka yi da gangan don a sauya jadawali cikin tsautsayin wasa, sannan ya bar jadawalin ya sauya, ya ƙarasa wa mai wuƙar aikinsa ne da alƙalami. A nan babu ƙaddarar da za a fake da ita, hannu aka ɗaga aka zaɓa. Da ta dawo a 1995 an ba ta lamba ɗaya tare da Graf, abin da ke nuna hanyar tana nan tun farko.

Kotu ma haka. A Oktoban 1993 aka sami Parche da laifin yin mummunan rauni, ba yunƙurin kisa ba, aka yi la'akari da taɓin hankalinsa, aka yi masa ɗaurin shekara biyu na je-ka-gyara-halinka. Ya koma gida. Aka sake duba shari'ar a 1995, hukuncin bai sauya ba. Ban raina maganar hankali ba, shari'ar Musulunci ma ta ɗauke alƙalami daga kan mahaukaci. Amma mutumin da ya san wace ce lamba ɗaya, ya san ranar wasanta, ya yi tafiya zuwa Hamburg da wuƙa a jaka, ya jira lokacin da ta ba da baya, haukarsa ta iya lissafi.

Graf fa? Nan na fi daɗewa ina juya tunani. Ba ta aike shi ba, ba ta san shi ba, ta je asibiti ta duba Seles. Addini bai ɗora wa kowa zunubin wani ba. Kowane kofi cikin 11 na bayan wuƙar sai da ta doke abokan karawarta a fili kafin ta ɗaga shi, kuma sau biyu, a wasan ƙarshe na gasar Amurka a 1995 da 1996, Seles ɗin ce a ɗaya gefen raga, ta doke ta. Halalinta ne. Duk da haka ba zan ce wuƙar ba ta amfane ta ba, don ƙarya ce. Mutum na iya cin gajiyar zalunci alhali hannunsa fes. Abin da ke kansa shi ne kada ya ɗauki duk abin da ya zo hannunsa a matsayin ma'aunin ƙwazonsa kaɗai. Mu masu kallo kuma kada mu riƙa jera 22 da 9 kamar awo ne da aka yi da mudu ɗaya.

Wani zai ce ai an hana mu cewa "da". Haka ne, hadisi ya yi gargaɗi a kanta, domin ƙofa ce ta Shaiɗan. Amma "da" ɗin da aka hana ita ce ta mai cizon yatsa, mai jayayya da abin da ya riga ya wuce har ya kasa tashi. Akwai wata "da" ta alƙali da ta mai gyara, wadda in babu ita ba a iya auna ɓarna. Da an tsayar da mai gadi a bayan kujerar, da hannun bai kai ba. Wannan "da" ce ta sa yau idan 'yan wasa suka zauna hutu a manyan gasa za ka ga dogarai tsaye a bayansu, fuskarsu na kallon jama'a, ba fili ba.

Seles ta sha fama da baƙin ciki da ciwon cin abinci babu ƙaƙƙautawa a shekarun da suka biyo bayan harin, ga mahaifinta Karolj, wanda shi ne kocinta tun tana ƙarama, yana fama da cutar kansa har ta yi ajalinsa a 1998. Makonni kaɗan bayan rasuwarsa ta kai wasan ƙarshe a Faransa. Ta ci gaba da wasa har 2003. Amma ta ce ba za ta sake buga wasa a Jamus ba, kuma ba ta sake ba, ko da aka kai gasar ƙarshen shekara ta mata Munich a 2001. Na ji masu cewa wannan riƙo ne, ko rashin karɓar ƙaddara. Ban yarda ba. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, aka ce masa ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna musu cewa juyawar ma cikin ƙaddara take. Seles ta karɓi raunin, ta koma fili da tabonsa, ta kara da Graf ba tare da ta zarge ta da sukar ba. Hukuncin kotun Hamburg ne ta ƙi karɓa, kuma wannan mutane ne suka zauna suka rubuta shi.