Tabo a Kan Takarda da Al'adar Allah

A shagunan buga takardu, idan firinta mai launi ta fara fitar da shafi da tabo, akwai maganar da ake yawan ji: haka Allah ya so. Maganar gaskiya ce, babu musulmin da zai musa ta. Abin da ke damuna shi ne yadda ake rufe ƙofar bincike da ita, a miƙa wa mai katin ɗaurin aure aikinsa da ɗigo a kan sunan amarya, ya biya kuɗi ya tafi yana haɗiye ɓacin rai. A ganina, tauhidin da aka karantar da mu a zaure shi ne ma ya ɗora mana nauyin neman sababi.

A dubi tabon da kyau. Firintar leza da garin tawada take aiki, launi huɗu: shuɗi, ja mai ratsin shunayya, rawaya da baƙi. Ganga mai santsi takan ɗauki cajin lantarki, hasken leza ya zana hoton a jikinta, garin ya manne inda hasken ya taɓa, ya koma kan bel, daga bel zuwa takarda, sannan wasu naɗe-naɗe masu zafi su gasa shi ya kama. Tunda kusan komai a cikin injin juyawa yake yi, duk ƙwarzanen da ke jikin abu ɗaya sai ya buga hatiminsa a kowane zagaye. Ganga mai kaurin milimita 30 za ta maimaita tabonta duk bayan kusan milimita 94, domin tsawon kewayenta ke nan. A injinan da kowane launi ke da gangarsa, launin ɗigon ma ya isa ya tona wadda ta lalace. Idan rubutu yana gogewa da an murza shi da babban yatsa, zafin gashin ne bai kai ba. Farin layi daga saman shafi har ƙasa, sau da yawa ƙura ce ta tare hanyar haske, kuma duk wanda ya san hunturun Kano ko Damagaram ya san ƙura ba ta neman izini. Da damina kuwa takarda kan sha danshi, launi ya fito dabbare-dabbare.

Wani zai ce: ai malaman Ash'ariyya sun karantar da cewa sababi ba ya yin tasiri da kansa. Haka ne. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga a littafinsa Tahafutul Falasifa, inda ya nuna cewa abin da ido ke gani shi ne ƙonewa tana faruwa a lokacin da suka haɗu, amma ido bai taɓa ganin wuta tana halittar ƙonewar ba. Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani cewa wanda ya kore sababi ya kore ilimi gaba ɗaya. Tsoron Ibn Rushd yana da tushe, kuma mai shagon da ya ɗaga kafaɗa ya ce ƙaddara ce, shi ne ainihin abin da yake gudu. Sai dai Gazali bai ce duniya a hargitse take ba. Cewa ya yi Allah yana gudanar da al'amura bisa al'ada tabbatacciya, kuma ya sanya mana sanin ta a zukata. Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda littattafansa na tauhidi suka daɗe a hannun almajiran ƙasar Hausa, ya ware wa wannan babi suna, hukuncin al'ada: alaƙar da ake tabbatarwa tsakanin abu biyu saboda maimaituwa. To, me ya fi ɗigon da ke dawowa duk bayan milimita 94 cancantar wannan suna? Mai gyaran da ya ɗora rula a kan takarda al'adar Allah yake karantawa, ko ya san sunanta ko bai sani ba.

Akwai kuma mai cewa wani lokaci tabon kan ɓace da kansa ba wanda ya taɓa injin. Yakan faru. Amma ɓuyar sababi a gare mu ba ta nuna babu shi: ƙila danshin ne ya bushe, ƙila injin ya daidaita launukansa da aka kunna shi da safe. Jahilcinmu ne, kuma bai dace mu sa masa rigar tawakkali ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara ga Allah.

Ƙaddara kuma ba ta sauke haƙƙin wanda ya biya kuɗi don aiki mai tsabta. Malam mai shago, kafin ka ce wa abokin cinikinka haka Allah ya so, ka buga shafin gwaji, ka auna tazarar tabon, ka sauya abin da ya lalace, ka sake buga masa katinsa.