Gyara Ko Rushewa: Darasi Daga Ginin Ka'aba

 

A watan Maris na 2010 Shugaba Obama na Amurka ya sa hannu a kan dokar inshorar lafiya. Dokar ta hana kamfanoni su juya wa mutum baya don yana ɗauke da tsohuwar cuta, ta kuma wajabta wa jama'a shiga inshora ko biyan tara. Babu ɗan jam'iyyar Rifablikan ko ɗaya da ya jefa mata ƙuri'a sa'ad da aka zartar da ita. Hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce, domin cewa suka yi hukuma ba ta da ikon tilasta wa mutum sayen abin da bai nema ba. Musulunci bai hana irin wannan jayayya ba, hasali ma faɗa wa mai mulki gaskiya nasiha ce, nasiha kuwa wajibi ce.

Abin dubawa shi ne hanyar da suka bi. Da Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a 2012, sai suka hana kasafin kuɗi wucewa a Oktoban 2013, ofisoshin gwamnati suka rufe kwana 16. A Yulin 2017, mulki na hannunsu, suka nemi soke ginshiƙanta ba tare da sun daidaita kan abin da zai maye gurbinta ba, alhali miliyoyin mutane sun riga sun dogara da ita wajen ganin likita. Yunƙurin ya faɗi a Majalisar Dattawa da ƙuri'a 51 da 49, bayan uku daga cikinsu, har da John McCain, sun ƙi goyon baya.

Tarihin Ɗakin Allah yana da abin faɗa a nan, ko da yake babu dokar ɗan Adam da za a kwatanta da shi a daraja. Manzon Allah (S.A.W.) ya shaida wa Nana A'isha cewa Ƙuraishawa sun taƙaita ginin Ka'aba, bai kai harsashin Annabi Ibrahim ba. Yana da gaskiya, yana da iko, amma ya bar ginin yadda yake, don mutanensa ba su daɗe da fita daga jahiliyya ba, rushewar za ta girgiza zukatansu. Daga baya, da ɗakin ya ƙone a zamanin Abdullahi ɗan Zubairu, Ibnu Abbas ya ba shi shawarar ya gyara abin da ya lalace kawai. Ɗan Zubairu ya zaɓi sake gini daga tushe, amma duk da haka bai bar wurin fili ba: sai da ya kafa ginshiƙai ya rataya labule a kansu har gini ya tashi. Da Hajjaju ya ci shi da yaƙi, ya warware aikin. Sai wani halifan Abbasiyawa ya so ya sake mayar da shi, Imamu Malik ya roƙe shi ya bari, kada ɗakin ya zama abin wasan sarakuna, kowa ya hau ya rushe na wanda ya gada.

Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa ba a kawar da ɓarna da ɓarnar da ta fi ta. Don haka jam'iyyar hamayya ta bayyana aibin doka a fili, ta kai ƙara kotu, ta nemi ƙuri'ar jama'a, ta cire abin da ta ga zalunci ne. Haka Rifablikan suka yi a Disambar 2017, suka mayar da tarar nan sifiri ta hanyar majalisa, sauran dokar ta ci gaba da aiki. Amma mai ciwon suga da mai naƙuda ba za su jira 'yan siyasa su gama gardama ba. Wanda zai rushe, wajibi ne ya fara nuna labulen da zai rataya.

Hukuncin bai keɓanta da ɓangare ɗaya ba. A 2025, da Dimokurat suka zama 'yan hamayya, su ma sun ƙi amincewa da kasafin kuɗi a kan tallafin wannan inshora, gwamnati ta rufe kwana 43, ƙananan ma'aikata suka zauna ba albashi.