Amanar Hoton Ido

Hausawa kan ce ciwon ido sai haƙuri, amma akwai haƙurin da ƙarshensa makanta. Ciwon sukari yakan lalata ƙananan jijiyoyin jini na cikin ido, ba zafi ba ƙaiƙayi, har gani ya dushe.

Tun 2003 Ingila ta soma ɗaukar hoton cikin idon masu sukari domin a gano ɓarnar da wuri. Da za a samu na'urar, ma'aikacin jinya a Tsafe ko Bungudu zai ɗauki hoton, ya aika wa likita a Gusau ta intanet.

To, mai karatu, in hoto ya nuna cuta, alhaki ya rataya a wuyan wa? Manomin da aka tura Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga rashin kuɗin mota, ga 'yan bindiga a hanya, an taimake shi ko an ƙara masa fargaba?

A ganina a gaya masa, domin ɓoye wa mutum halin jikinsa zalunci ne. Sai dai duk hukumar da ta sayi na'urar ta ɗauki amanar kai shi wurin magani. Lalle a ware kuɗin tafiyarsa tun ranar sayen na'ura.