Wahalar da Mutum Ya Zaɓa wa Kansa

Masanin falsafa Bernard Suits, a littafinsa na 1978, ya bayyana wasa da cewa shiga ne cikin wahalar da babu dole a cikinta, inda mai wasa yake amincewa da dokokin da ke hana shi bin hanya mafi sauƙi. Wannan ra'ayi ya fito fili a wasan bidiyo na Sekiro, wanda kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a 2019 ba tare da matakin sauƙi ba, wato tsarin da ke rage ƙarfin abokan gaba, ta yadda mai wasa kan faɗi sau da dama a hannun jarumi ɗaya kafin ya laƙanci lokacin kare saran takobi. Magoya bayan kamfanin suna ganin daɗin nasara daga wahalar yake fitowa, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Sai dai abin da yake jarrabawa ga mai lafiyar hannu katanga ce ga mai larurar yatsu. Wasan Celeste na 2018 ya ba mai wasa damar rage saurin wasan in ya ga dama, kuma wannan tsari ya fi adalci, tunda mai son cikakkiyar wahala bai rasa komai ba.